Yusuf: Asalin Sunan da Ma'anarsa

Yusuf sunan maza ne da ya fito daga Ibrananci, inda ake cewa Yosef. Tushensa aikatau ne mai nufin ƙarawa, kuma ya zo a sigar roƙo: Allah ya ƙara. Babi na 30 na Littafin Farawa ya ba da labarin Rahila matar Yakubu, wadda ta daɗe ba ta samu haihuwa ba. Da ta haifi ɗa, sai ta raɗa masa wannan suna tana fatan a ƙaro mata wani, daga baya kuwa ta haifi Binyaminu. Asalin sunan, ke nan, addu'ar uwa ce.

Akwai masu cewa sunan Larabci ne, daga “asaf”, wato baƙin ciki, suna kafa hujja da aya ta 84 ta Suratu Yusuf, inda kalmar ta zo dab da sunan a cikin kukan Annabi Yakubu. Wannan dacewar amo ce da ke ƙara wa ayar armashi, amma ba ta isa hujjar asali ba. Zamakhshari, wanda ya rasu a 1144, ya warware batun a tafsirinsa Al-Kashshaf: da sunan na Larabci ne, da ya karɓi tanwini, ga shi kuwa ba ya karɓa. Wasu kuma suna nuna cewa Littafin Farawa kansa ya haɗa sunan da wata kalma mai nufin ɗaukewa, domin Rahila ta ce an ɗauke mata gori. Gaskiya ne, sai dai ginin sunan na ƙarawa ne, kuma dogon ɗan'uwansa, Yosifiya, da ke cikin Littafin Ezra, ya ambaci Ubangiji ƙarara a matsayin mai ƙarawar.

Ta hanyar Girkanci da Latin sunan ya shiga Turai, ya zama Giuseppe a Italiya, José a Sifaniya. Ta hanyar Alƙur'ani, inda ya zo sau 27, ya ratsa duniyar Musulmi: shi ne sunan yanka na Salahuddin Ayyubi, shi ne Yusufu da Isufu a bakin Hausawa. Iyaye da yawa saboda ƙissar haƙuri, kamun kai da yafiyar Annabi Yusuf suke zaɓarsa. Wannan dalili ne mai ƙarfi, amma darajar da mai suna ya jawo wa sunansa daban take da ma'anar da aka raɗa shi a kanta, kuma ya kamata a san kowacce a matsayinta.