Jijiyar Sa da Sifirin Tarakta

A jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu marasa tozo da mutanen da can suka bari. Saniya dai tsohuwar 'yar gida ce a ƙasarmu. Ɗaura mata karkiya ta ja garma ne baƙon abu, don sai a shekarun 1920 malaman gona na Turawa suka fara yaɗa shi a Arewa, saboda gyaɗa da auduga.

Ina yaro ni nake jan shanun huɗar kakana a Gwaram. Yana da wani baƙin sa, da zarar bakin garma ya ci karo da saiwa sai ya tsaya cak, tun Kaka bai buɗe baki ba. In kuwa ya taka ƙaya, ƙafar ta riga shi sani. Saƙon daga lakar gadon baya yake juyowa, ba ya jiran ƙwaƙwalwa. An auna, jijiya mafi sauri kan kai saƙo kusan mita 120 a daƙiƙa ɗaya.

Da na girma na tarar ashe ita ma tarakta an yi mata tata jijiyar. Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, shi ya ƙago dabarar, kuma 'yar taraktarsa TE20 da ya fara fitarwa a Ingila a 1946 ta kai ta duniya. Akwai sifirin a bayan sandar sama mai riƙe garma. Ƙasa ta yi tauri, sifirin ya matsu, ya buɗe wa mai hanya, garma ta ɗan ɗago da kanta. Jajayen Massey Ferguson da muke haya da damina jikokinta ne. Mutum-mutumin masana'anta ma a kan wannan turba yake, ya ji, ya gyara, sai dai saƙonsa a waya yake bi, ya kuma fi jijiya sauri nesa ba kusa ba.

To amma nauyi kaɗai sifirin ya sani, kuma yana sakewa ya manta. Wata damina baƙin san nan ya zurma ramin gara a gabashin gonar. Shekara uku muna huɗa da shi, ko an zabga masa tsumagiya sai ya kewaye wurin, har ranar da Kaka ya kai shi kasuwar Sara.