Roka da makami mai linzami: ina bambancin yake?

Sau da yawa ƴan jarida kan ɗauki roka da makami mai linzami abu guda, alhali tarihi ya raba su. Roka bututu ce mai ƙone makamashin da ke cikinta, hayaƙi ya fita ta baya ya ingiza ta gaba. Sinawa sun san ta tun ƙarni na 13, kuma da ita Tipu Sultan na Maisur, a Indiya, ya yaƙi Turawan Ingila har rasuwarsa a 1799. Irin wannan roka, da zarar an harba ta, babu mai iko da ita.

V-2 na Jamus, wanda ya faɗa wa Landan a 1944, yana da na'ura a cikinsa mai daidaita masa hanya. Nan Hausa ta kama ma'anar daidai: kamar doki, an sa masa linzami. Ba kowane mai linzami ne roka ba, domin V-1 da injin jet yake tashi.

Don haka malami ya lura: wanda ya ce makami mai linzami ya faɗa wa kasuwa, mai sauraro zai fahimci saita shi aka yi. Wannan zargi ne babba, bai kamata kuskuren fassara ya haifar da shi ba.