Yadda Za Ka Samo Shokazoba Da Ya Dace Da Tsohuwar Motarka

Manomi ɗan'uwa, idan motarka ko ta ƙungiyarku ce ke kwaso amfanin gona daga ƙauyukan Wudil, Garko ko Gaya zuwa kasuwar Juma'a, ko ta wuce Kano da tumatir zuwa 'Yan Kaba, to shokazoba na cikin kayan da za su riƙa cin kuɗinka. Matsalar tsohuwar mota ita ce ba kullum ake samun nata na asali ba. Mai shago zai ɗauko maka wani ya ce "wannan ma zai hau". Zai iya hawa ɗin, amma bai dace ba. Lamba da awo ne za su raba ka da asara, ba kallon ido ba.

Mene ne aikinsa?

Da yawa suna ɗauka shokazoba ne ke ɗaukar lodi. Ba haka ba ne, sifirin ke ɗaukar nauyi. Shi shok aikinsa ya tsayar da tsalle bayan an faɗa rami, don taya ta ci gaba da manne wa ƙasa. In bayan akori-kurarka ya zauna, sifirin za ka duba, sabon shok ba zai ɗago shi ba. In kuwa shok ya mutu, mota za ta riƙa lilo, birki ya ƙi kamawa da wuri, taya ta cinye tudu-tudu, tumatir da ƙwai su isa kasuwa a farfashe.

Alamomin ya mutu

Duba jikinsa, in mai na tsiyaya ya jiƙe shi, ya gama aiki. Danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki: in ta yi ta sama da ƙasa fiye da sau ɗaya ko biyu, akwai matsala. Amma in ƙara kawai kake ji, fara duba robobin da ke bakinsa, domin sau tari su ne suka cinye, kuma kuɗinsu kaɗan ne.

Sunan mota kaɗai bai isa ba

Ɗauki Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana haɗawa. Salun da wagon da akori-kura duk 504 ne, amma ƙafar bayansu ba ɗaya ba ce. Akori-kura sifirin mai falle-falle gare ta, wagon kuwa mai naɗi. Haka Golf 3, kada ka ɗauka shok ɗin bayan wagon daidai yake da na gajeriyar. Saboda haka ka faɗa wa mai shago irin jikin motar, shekararta, da gaba ne ko baya.

Wani abin da zai taimake ka shi ne wasu motocin 'yan gida ɗaya ne, suna kawai ya bambanta. J5 tare aka ƙera ta da Fiat Ducato na farko da Citroën C25. Sharon ta farko, wato Volkswagen Sharan, tare take da Ford Galaxy da Seat Alhambra. In an ce babu na motarka a Kofar Ruwa, tambayi na 'yar'uwarta, sannan ka tabbatar da awo.

Abubuwa huɗu da za ka riƙe

1. Lambar shok. Goge jikin tsohon, galibi akwai lamba a buge. Kamfanoni irin su KYB, Monroe da Sachs suna da jerin da ake haɗa lambar wani da ta wani, kuma ana dubawa a waya.

2. Lambar shasi. Yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 17. Ɗauki hotonta ka tafi da shi.

3. Tsawo. Auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, a buɗe da kuma a matse. Gajere zai riƙa fizgewa har ya tsinke kunnen da ke riƙe da shi. Dogo zai riƙa buguwa da lodi har ya fashe.

4. Baki. Wani zobe ne sama da ƙasa, wani sanda mai zare. Auna faɗin ramin da kaurin kusar.

Mafi sauƙi dai, bakanike ya kwance tsohon, ka tafi da shi, a jera su a gabanka.

Sabo ko ɗan Beljiyam?

In na hannu za ka saya, tsayar da shi a miƙe ka matse ka ja sau uku zuwa biyar. Ya kamata ka ji tauri tun daga farko har ƙarshe, babu inda ya zurma. Mai gas zai buɗe da kansa in ka sake shi, mai mai zalla ba ya yi, wannan ba lalacewa ba ce. Sandar ta zama sumul, ba tsatsa, ba lanƙwasa. Yi hattara da wanda aka wanke aka fesa wa sabon fenti. Sabon ma akwai jabu, don haka lambar kwali ta zo daidai da ta jiki. Ka karɓi rasit, ku yi magana a kan canji tun kafin ka biya. Araha dai ba ta ado.

Wajen ɗaurawa

A canza biyu-biyu, dama da hagu, iri ɗaya. Kada a haɗa mai gas da mai mai a layi guda. A ƙarasa ɗaure kusoshi bayan an sauke motar a kan tayoyinta, don kada roba ta murɗe. Na gaba mai haɗe da sifirin sai da abin matse sifirin, in ya kuɓuce yana iya kashe mutum. Bayan an gama, a je a yi alaimen.

Shawara ga ƙungiyoyi

Ku buɗe shafi ɗaya a littafin ƙungiya ga kowace mota: lambar shasi, lambar shok, awonsa da ranar da aka ɗaura. Ku duba ƙafar mota bayan damina, kafin a shiga jigilar kaka. Kuma ku tsaya kan lodin da aka yi wa motar, domin buhu biyar ɗin da aka ƙara a sama na iya cinye ribar tafiyar a garejin bakanike.