Gyaran Gangar Auzinawa

'Yar'uwa mai karatu, in kin taɓa kai keken ɗinkinki wurin mai gyara yana tsallake zare, aka dawo miki da shi yana karya allura, sannan aka ce ki ciko kuɗi, to ba sai na tsaya yi miki fassarar karin maganar nan ta sama ba. Ni abin da aka yi mini wannan aika-aika a kansa ba keke ba ne, ba kuma injin markaɗe ba, gita ce, wadda wasu ke ce wa jita. Na san za ki ce to me ya haɗa matar aure da gita? Ki dai yi haƙuri ki biyo ni.

Gitar nan ba tamu ba ce, amana ce. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Kano, yana da wani amini ɗan Gabas da suke aiki tare. Da rikicin 1966 ya ɓarke mutanen Gabas suka yi ta tururuwa zuwa tasha, sai mutumin nan ya kawo wa Baba gitarsa ya ce ya riƙe masa, in ƙura ta lafa zai dawo ya karɓa. Aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, aka gama, wasu suka dawo suka buɗe shagunansu, shi kuwa shiru kake ji. Baba bai iya kaɗa ta ba, bai kuma yarda a sayar ba. Ta fi shekara 50 a saman sif, naɗe cikin tsohon bargo. Da ya rasu aka zo rabon gado, malamin da ya raba ya ce wannan ba ta shiga, sai dai wani ya ci gaba da riƙo. Ta faɗo hannuna.

A 2022 na warware bargon, na tarar fuskarta ta tsage, ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke ɗaure a jikinsa, wanda masu goge ke kira jaki, ya ɗaga daga mazauninsa. Hankalina ya tashi. Autana ya raka ni wani layi na masu gyaran rediyo da lasifika, inda muka ga shago an zana gita a allonsa. Mai shagon ya juya ta sau ɗaya ya ce, "Haba Hajiya, ai wannan ƙaramin aiki ne. Kwana 3, naira 12,000." Kwana 3 suka zama wata 2. Yau a ce an aika Legas sayen kaya, gobe a ce an gano wata matsala a ciki, a kawo dubu biyar, a kawo dubu takwas. Kafin gita ta dawo gida na ba da naira 38,000.

Ta dawo tana ƙyalli kamar ƙofar sif ɗin amarya. An lafta mata fenti mai sheƙi irin na kujeru, an cika tsagar da gam ɗin nan da ake haɗa kala biyu a liƙe ƙarfe, an kafe jaki da ƙusa biyu, an ɗaura tsirkiyoyin ƙarfe. Yaro ya taɓa ta, sai na ji kamar an bugi kwali. Bayan mako guda wuyanta ya fara lanƙwasa. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Amanar da Baba ya tsare har ya koma ga Mahaliccinsa, ni na lalata ta, kuma da kuɗina.

Da zafin ya ɗan ragu sai na shiga tambayar kaina, me ya sa ba a jin mai goge ko mai garaya yana kukan mai gyara? Amsar ba ta da nisa. Kayan kiɗanmu na gargajiya, mai kaɗa su galibi shi ne mai haɗa su, in kuwa ba shi ba ne to ya san gidan da ake yi. Goge ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki, duk ga su a kasuwar ƙauye. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi, kuma sau da yawa gwangwanin kifi ne ake rufe wa fatar akuya a yi ƙoƙonsa, amma da shi ya zaga duniya. In fata ta saki, makaɗi ya san ya kara ta a rana ko gefen wuta. In ta fashe ya sake wata. Yaro yana tasowa yana ganin ubansa ko ubangidansa yana yi, shi ya sa ake cewa ɗan gado ya fi ɗan koyo.

Gita kuwa baƙuwa ce, kuma asalinta da nisa. Siffar da muka san ta da ita yau, mai faffaɗan ƙugu, wani mutumin Sifaniya ne ya daidaita ta, sunansa Antonio de Torres. An haife shi a 1817 kusa da garin Almeriya a yankin Andalus, ya rasu a 1892. Shi ma da kafinta ya fara tun yana yaro, don haka kada ki ɗauka kafinta nake zagi. Bambancin shi ne shi ya ƙarar da rayuwarsa ne yana sauraren katako. Ya gane cewa muryar gita a fuskarta take, wato siririn katakon gaba mai rami a tsakiya, wanda kaurinsa bai kai milimita 3 ba, ga wasu siraran katakai da yake jerawa ta ciki kamar mafici suna tallafe da shi. Don ya nuna wa masu musu, a 1862 ya haɗa wata gita wadda bayanta da gefunanta na kwali ne, fuskar kaɗai ce katakon kirki, kuma ta yi sauti. Tana nan ajiye a gidan adana kayan kiɗa na Basalona. Da na ji wannan labari sai na dafe kai, don kuwa fuskar nan da ake so ta yi ta rawa kamar fatar kalangu, ita ce mutumina ya danne da fenti da gam da ƙusa.

Masu wannan sana'a tun da can da gam ɗin fatar dabba suke aiki, irin wanda ake narkawa a ruwan zafi. Ba don sun rasa mai ƙarfi ba ne har yau da yawansu ba su bar shi ba. Dalili shi ne in an sa masa ɗumi da laima yana saki, sai a buɗe a gyara a mayar, ko bayan shekara ɗari. Wato tun ranar da ake haɗa gita an yi tanadin ranar da za a gyara ta. Gam ɗin ƙarfe kuwa in ya kama, sai dai ya fita da tsokar katakon. Haka ma tsirkiya. Gitar da aka gina don tsirkiyar nailan, nauyin da shidan ke ja bai wuce kilo 40 ko kusa da haka ba, na ƙarfe kuwa suna kaiwa wajen kilo 70. Ki ɗora wa tsohuwa buhun da ya kusa ninka wanda ta saba ɗauka, ki ga ko bayanta ba zai ranƙwafa ba.

To yaya aka yi ta iso mana? Ta bakin teku ta shigo. Matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kuru na Laberiya su suka yi ta yawo da ita daga tasha zuwa tasha, daga Saliyo har Legas. A 1928 wasu mutum 3 daga Kumasi suka je Landan aka ɗauki kiɗansu na gita a faifai. Mu nan Arewa dogo ne ya kawo mana ita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a jima ba aka yanka Sabon Gari, akawuna da ma'aikatan reluwe suka zo da iyalansu da majami'unsu da kiɗansu. Daga baya har aka sami irin su marigayi Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, da suka riƙa waƙa da Hausa bisa kayan kiɗan Turawa, manyanmu na kallo a talabijin.

Amma ki lura, gitar ce ta hau jirgi ta zo, mai haɗa ta bai biyo ta ba. Ba a kafa mata unguwa ba kamar yadda muke da unguwannin dukawa da marina da maƙera, ba ta da sarkin sana'a da za a kai wa ƙara. Ga shi kuma ƙasarmu ba ta yi mata daɗi ba. Katakon gita yana son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Kano kuwa yakan sauke ta ƙasa da kashi 20. Yadda kaushi ke tsaga ƙafarki, haka iskar ke tsaga fuskar gita. Ga ciwo ya yi yawa, ga likita babu. Sai mai gyaran rediyo ya ce ai akwai waya a jikin wasu, tasa ce. Kafinta ya ce ai katako ce, tasa ce. Kowa ya zo yana koyon aski a kan marayu, kuma da yake ke ba ki san farashi ba, ba ki da wani shago na biyu da za ki je ki gwada, abin da ya faɗa shi ne kuɗin.

Abin da ya ba ni dariya cikin takaici shi ne, Auzinawan nan da muka maƙala wa karin magana, wato Abzinawa, su ne suka fi kowa a yankinmu riƙe gita hannu biyu. Ibrahim ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, ɗan arewacin Mali, gitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta yana yaro, kuma a 2012 ƙungiyarsu ta ci kyautar Grammy a Amurka. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar shi ma da wayar birkin keke ya fara, a 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko. Sun yi wa baƙuwar abin da mai goge ke yi wa gogensa, sun san cikinta tun kafin su mallaki ta kanti. Wanda ya haɗa abu da hannunsa, wa zai ce masa an aika Legas?

Mu koma kan tawa. Maigida ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah, amma zan je. Na sa mayafina na koma shagon, ban ɗaga murya ba, na ajiye gita a kan teburinsa na ce, "Malam, kaɗa mu ji." Ya taɓa, shi kansa ya kau da kai, sannan ya ce ai tsufa ne, kuma ai ga shi ta yi kyau. Daga nan na nemi shugaban 'yan layin, wani dattijo mai gyaran fanka. Ya saurare mu duka, ya tambaye ni ko mun yi rubutu. Babu. Ko akwai shaida lokacin da aka yanka farashin farko? Sai ɗana. Ya tambayi mai shago kayan da ya sayo daga Legas, ya kasa nuna ko ɗaya ban da tsirkiyoyi. Dattijon ya ce masa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in kuwa bai iya askin ba sai ya mayar da lada. Aka yanke zai dawo mini da naira 15,000, ya biya a sau uku. Kuɗin sun rage zafi, amma ba su cire ƙusa ba.

Tun daga ranar, ko tukunyar gas zan kai gyara, sai na ce a nuna mini irinta da aka gyara a shagon, sai an faɗa mini abin da za a yi mata da baki kafin a taɓa, a rubuta kuɗin a takarda ko a saƙon waya, kuma duk abin da zai ƙaru a kira ni tukuna. Ba na ba da fiye da kuɗin kaya sai na ga aiki. Wasu su ce Hajiyar nan ta cika ƙididdiga. Su faɗa.

Wata maƙwabciyata ce, ma'aikaciyar jinya, ta haɗa ni da wani tsoho a Sabon Gari da ke kula da kayan kiɗan majami'arsu. A nan na ga bambanci. Bai yi maganar kuɗi ba sai da ya yi kusan rabin awa yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa yana kara kunne. Abu na farko da ya yi shi ne kwance tsirkiyoyin ƙarfen. Sannan ya ce, "Madam, gaskiya zan gaya miki. Ƙusa zan cire in toshe ramin, wuya zan gwada miƙar da shi a hankali. Amma gam ɗin da ke cikin tsagar nan ya zauna ke nan, muryarta ta da ba za ta dawo ba. In na ce miki za ta dawo, kuɗinki kawai nake so."

Maganarsa ta tuna mini labarin Willie Nelson, mawaƙin Amurka mai irin kiɗan su Don Williams da gidajen rediyonmu suka saba sa mana. A 1969 wani mashayi ya taka masa gita, ya aika da ita wurin wani mai gyara a Nashville, Shot Jackson. Mutumin bai karɓi kuɗi ya yi ta ja masa rai ba, ya ce ba za ta gyaru ba, ga wata ƙirar Martin a dala 750. Nelson ya saya, ya fi shekara 50 yana kaɗa ta har fuskarta ta huje saboda gugar hannu, kuma mutum ɗaya, Mark Erlewine na garin Austin, ya yi shekaru da dama yana lallaɓa ta ta ciki ba tare da ya toshe mata murya ba.

Tsohon nan ya yi mako 3 a kan tamu, ya karɓi naira 9,000 har da tsirkiyoyin nailan. Ranar da muka je karɓa ya haska tocilan cikin ramin ya ce in leƙa. Can ciki, a jikin katakon baya, an rubuta haruffa biyu da fensir, ga kuma "Enugu 1961" a ƙarƙashinsu. Ko Baba bai taɓa ganin rubutun nan ba. Ɗana ya ɗauki hotonsa a waya ya tura wa wani abokinsa da suka yi bautar ƙasa tare, wanda iyayensa ke Inugu, ya ce a tambayi tsofaffin ma'aikatan reluwe. Har yanzu muna jira.

Ta koma saman sif, amma yanzu cikin akwati. In hunturu ya kama, nakan jiƙa soso in matse shi, in sa a cikin gidan sabulu mai huji in ajiye kusa da ita, kamar yadda tsohon ya koya mini, duk bayan kwana uku in duba ko ya bushe.