Mizanin Shekara Goma da Cinikin Taba a Amurka

Tun ranar da mutane suka fara haɗa dukiya su kafa kamfani, sa'an nan su yayyanka mallakarsa su kai kasuwa da sunan hannun jari, akwai wata mas'ala da ta hana mai saye da mai sayarwa sakat, watau sanin haƙiƙanin ƙimar wannan yanki, wadda sau da yawa takan saɓa wa kuɗin da dillali ya yi shela da shi da hantsi. Hanyar da galibin 'yan kasuwar New York suka dogara a kanta ita ce a dubi ribar da kamfani ya ci bara, a ga ninki nawa farashi ya yi mata: in hannun jari guda ya jawo ribar dala 2, ana kuwa sayar da shi dala 30, sai a ce ninki 15 ke nan, a kwatanta shi da na maƙwabta. Lissafin ba shi da wuya, kuma sauƙin nasa ne ya sa aka daɗe ba a lura da aibinsa ba, har sai da annoba ta auka wa kasuwar. A watan Satumba na 1929 ma'aunin Dow Jones ya kai 381, amma kafin ƙarshen Yuli na 1932 ya gangaro zuwa 41, watau wanda ya shiga da dala 100 bai tsira da abin da ya wuce 11 ba.

Daga cikin waɗanda wutar ta ƙona akwai wani malami mai suna Benjamin Graham, haifaffen Landan a 1894, wanda ya tashi a New York, yana juya dukiyar mutane a kasuwa, yana kuma karantarwa a Jami'ar Columbia. Da ƙura ta lafa, shi da abokin aikinsa David Dodd suka zauna suka yi tahakikin abin da ya faru, suka fitar da littafinsu Security Analysis a 1934. Cikin ƙa'idodin da suka shimfiɗa akwai wadda ta shafe mu a nan, cewa ribar shekara ɗaya ba ta isa hujja ba, domin shekara takan zo da yalwa ko da ƙunci saboda dalilan da ba su da alaƙa da nagartar kamfanin. Abin da ya kamata shi ne a tara ribar shekaru da yawa, kada su gaza biyar, in da hali bakwai ko goma, a fitar da matsakaicinsu, a auna farashi da shi. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo yana cinikin gona ya san wannan hikima, gama ba ya tambayar dami nawa aka ɗaure bara kaɗai, sai ya bi diddigin shekarar fari da shekarar ambaliya da shekarar albarka, sa'an nan ya taya.

Sai dai akwai wata ɓaraka da ba ta bayyana sosai a zamaninsu ba, domin a farkon shekarun 1930 farashin kaya faɗuwa yake yi. Bayan yaƙin duniya na biyu al'amari ya juya, har ya zamana tsakanin 1970 da 1980 farashin kayan masarufi a Amurka ya ninka fiye da sau biyu, a 1980 kaɗai hauhawar ta haura kashi 13 cikin ɗari. To, in haka ne, wanda ya tara dalar 1971 da dalar 1980 ya raba, ya gwama abubuwa biyu da suka yi tarayya a suna kawai, kuma matsakaicin da zai samu zai fito ƙasa da gaskiya, ya sa hannun jarin ya yi kama da mai tsada alhali ba haka yake ba. Waɗanda suka shahara da ɗinke wannan ɓaraka su ne Robert Shiller na Jami'ar Yale da John Campbell, a wata maƙala da suka buga a 1988, bayan sun tattara alƙaluman kasuwar Amurka tun daga 1871. Aikin kuwa ga yadda yake: a jera ribar kowane hannun jari ta shekara goma, a ɗauki kowace shekara a mayar da ita zuwa kuɗin yau gwargwadon yadda farashin kaya ya hau tun daga lokacin, a tara, a raba goma, sa'an nan a ga ninki nawa farashin yau ya yi wa abin da ya fito. Da suka auna kasuwar gaba ɗaya da wannan mizani, sai aka ga a tsawon tarihi takan zauna ne wajen ninki 16, ta haura 30 gab da faɗuwar 1929, ta kuma kai 44 a Disamba na 1999, watanni kaɗan kafin kasuwar kamfanonin intanet ta rushe. Shiller ya sami kyautar Nobel a 2013. Shi dai kasuwa dungum ya auna, amma masu zuba jari da yawa sun koma ga asalin nufin Graham, suna ɗora kamfani ɗai-ɗai a kan mizanin, kuma da wuya a sami sana'ar da ta zauna a kansa daram kamar sana'ar taba.

Asalin ƙarfin wannan sana'a yana komawa ne ga wani inji. Kafin 1880 da hannu ake naɗe sigari, gwani ya zauna bakin tebur da tulin yankakkiyar taba da 'yan takardu, ya naɗe, ya shafa ƙaro, ya datse baki, in ya yi ƙoƙari ya fitar da kara huɗu a minti. Wani saurayi mai suna James Bonsack ya ƙera injin da ke zuba taba a kan doguwar takarda mai tafiya, ya naɗe ta ta zama sanda ɗaya miƙaƙƙiya, wuƙa tana sara ta daidai-daidai, har ya iya fitar da kara 120,000 a yini. James Buchanan Duke na garin Durham a jihar North Carolina ya karɓi injin a 1884, ya karya farashi, ya cika gari da talla, ya matsa wa abokan hamayyarsa har suka sallama suka haɗu da shi a 1890 ƙarƙashin American Tobacco Company, wanda ya riƙe kusan kashi 90 cikin ɗari na sigarin ƙasar. Da ya tsallaka Ingila da niyyar cinye kasuwarta, attajiran can suka haɗa kai suka tare shi, aka yi sulhu a 1902 da kafa British American Tobacco domin cinikin sauran duniya. Reshen wannan kamfani ne daga baya ya kafa masana'antar taba a Zariya a 1959. Kotun Ƙolin Amurka ta wargaza daular Duke a 1911, amma gutsattsarin da suka fito daga cikinta suka ci gaba da mallakar kasuwar su kaɗai, sai wani ƙaramin kamfani, Philip Morris, wanda asalinsa kantin taba ne a Landan tun 1847, ya kutsa tsakaninsu sannu a hankali, ya kuma shige gabansu duka bayan ya sake wa sigarinsa Marlboro kama a tsakiyar shekarun 1950.

Abin da ke ba mai nazari mamaki shi ne, duk wata masifa da aka zaci za ta kashe sana'ar, sai ta bar ribar a tsaye. A 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka buga binciken da ya danganta shan sigari da sankarar huhu. A Janairu na 1964 babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya tabbatar da haka a rahoton hukuma, a lokacin da kusan kashi 42 cikin ɗari na manyan ƙasar ke sha. A farkon 1971 aka hana tallar sigari a rediyo da talabijin, sai hanin ya rage wa tsofaffin kamfanoni kashe kuɗi, ya kuma toshe wa baƙo hanyar da zai sanar da kansa. Yawan karan da ake sha a ƙasar ya kai ƙololuwa a 1981, wajen biliyan 640, daga nan ya shiga raguwa. Amma kamfanonin suka riƙa ƙara kuɗin kwali fiye da yadda farashin sauran kaya ke hawa, ƙarin ya rufe giɓin ya yi saura. Sau ɗaya aka ga akasin haka a fili, ranar Juma'a 2 ga Afrilu 1993, da Philip Morris ya rage kuɗin Marlboro da kusan kashi 20 cikin ɗari don ya kori masu araha, hannun jarinsa ya zubar da wajen rubu'in ƙimarsa a yini guda. Wanda ya dubi ribar wannan shekara kaɗai ya firgita ya sayar, wanda ya dubi ta goma ya ga rami ne ƙarami a doguwar hanya.

Babbar jarrabawa ta zo a ƙarshen ƙarnin. Jihohin Amurka suka kai kamfanonin ƙara suna neman kuɗin da suka kashe wajen jinyar mashaya, aka yi sulhu a Nuwamba na 1998 da jihohi 46 a kan biyan dala biliyan 206 cikin shekara 25. A ranar da aka sa hannu manyan kamfanonin suka ɗora santi 45 a kan kowane kwali, watau diyyar ta koma wuyan waɗanda aka ce an cuta. Duk da haka tsoron shari'a ya cika zukata, ga kuma wata ƙara a Florida wadda ta ƙare a Yuli na 2000 da hukuncin tarar dala biliyan 145, ko da yake kotunan sama sun soke ta daga baya. A farkon 2000, daidai lokacin da kasuwa gaba ɗaya ke kan ninki fiye da 40, hannun jarin Philip Morris ya faɗo ƙasa da dala 20, alhali ribarsa ta 1999 ta haura dala 3, rabon da yake ba masu jari kuwa ya kusa ushirin farashin a shekara. Ko da an auna shi da matsakaicin shekara goma, wanda ya haɗa da shekarun da ribar ba ta kai haka ba, ninkin bai kai sulusin na kasuwa ba. Mizanin ya yi gaskiya a wannan karo ta fuska biyu, gama kasuwar ta faɗi, tabar ta tashi. Jeremy Siegel na makarantar Wharton ya lissafa cewa cikin kamfanoni 500 da aka fara jerawa a ma'aunin S&P a 1957, babu wanda ya kai Philip Morris amfanar masu jari har zuwa 2003: dala 1,000, in ana mayar da rabon riba cikin jari, ta zama wajen dala miliyan 4.6.

A nan ya wajaba a faɗi illar wannan daidaito, domin ƙiyasi ba ya inganta sai an san illa. Ribar taba ba ta girgiza a shekarar ƙunci saboda mai sha ba shi da cikakken zaɓi. Sinadarin nikotin ya riga ya kama shi, yakan rage cefane kafin ya rage kwali. Hukumar lafiya ta Amurka tana ƙiyasta mutum 480,000 ke mutuwa kowace shekara a ƙasar ta sanadin taba, kuma babu layin da aka tanadar musu a cikin lissafin Graham ko na Shiller. Ni a ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne da mai hankali zai tsallake don alƙaluma sun yi kyau. Malamanmu sun daɗe suna tattauna hukuncin taba: Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya yi risala a kanta a 1607 ya karkata ga halasci matuƙar ba ta gusar da hankali ba, wasu suka saɓa masa, kuma duk wannan kafin likitoci su tabbatar da cutarta. Da hujjar cuta ta tabbata, fatawa ta rinjaya zuwa hani, har ma'aunin hannun jari na Musulunci da Dow Jones ya kafa a 1999 ya fitar da kamfanonin taba tun daga bakin ƙofa, tare da na giya da na caca, ba tare da an kai ga duba arha ko tsadarsu ba.

Ko ga wanda bai damu da wannan ba, mizanin yana da sharaɗin da tarihin kamfanin nan ya karya, watau ya zamana abin da ake aunawa yau shi ne abin da ya ci ribar shekarun baya. Philip Morris ya sayi General Foods a 1985, ya sayi Kraft a 1988, ya sauya suna zuwa Altria a 2003, sa'an nan ya saki Kraft a 2007, ya kuma ware cinikinsa na ƙasashen waje ya zama kamfani mai zaman kansa a 2008. Wanda ya ɗauki farashin Altria na 2010 ya raba da matsakaicin shekara goma na baya, ya auna ƙaramin gida da ribar babban gida, zai ga arhar da babu ita. Bayan haka ma alƙaluman ba su zauna lafiya ba: a 2016 ribar ta haura dala biliyan 14 saboda cinikin hannun jarinsa na kamfanin giya SABMiller, a 2019 kuwa aka rubuta hasarar fiye da biliyan 1, domin dala biliyan 12.8 da ya zuba a Disamba na 2018 don sayen kashi 35 cikin ɗari na Juul, mai yin sigarin lantarki, ta soma narkewa, har ya fita daga cikinsa a 2023 kusan hannu rabbana. Matsakaici yana lallashe irin wannan tudu da kwari, kuma wannan shi ne amfaninsa. Amma ba ya iya faɗa wa mai lissafi ko hasarar Juul tsautsayi ne na sau ɗaya, ko kuwa kuɗin da kamfani mai ƙarewar kasuwa zai riƙa zubarwa ne lokaci bayan lokaci wajen neman mafita.

Saboda haka masu tahakiki a yau, in sun zo kan Altria, sukan ware ribar taba zalla daga rahotannin shekara-shekara su sake gina jerin goman da hannunsu, sa'an nan su ajiye wani jeri na biyu a gefensa, na yawan karan da aka sayar. Manyan Amurka masu shan sigari sun ragu daga kashi 42 cikin ɗari zuwa ƙasa da 12 a 2022, kuma karan da Altria ya fitar ya ragu da wajen kashi 10 cikin ɗari a 2023, ya sake raguwa da kwatankwacin haka a 2024, ninki biyu ko fiye na raguwar da aka saba gani a shekarun baya. Jerin farko har yanzu yana nuna riba mai tsayuwa, na biyu yana nuna cewa mutanen da ake ɗora wa ƙarin farashin suna ƙaranta da saurin da shekara goman da aka tara ba su taɓa gani ba.