Wa Zai Rubuta Tambayar? Taƙaddamar Bayanin Ƙuri'ar Shata Mazaɓu a Amurka

A shekarar 1812 gwamnan jihar Masachuset ta Amurka, Elbridge Gerry, ya sa hannu a dokar da ta sake shata mazaɓun majalisar dattawan jihar don amfanin jam'iyyarsa. Ɗaya daga cikin mazaɓun ta fito a murɗe, har wata jaridar Boston ta zana ta da siffar dabba mai kama da ƙadangare. Daga sunan gwamnan da na dabbar aka ƙago kalmar "jerimanda", wato karkatar da iyakokin mazaɓu domin mai mulki ya zaɓi masu zaɓensa. Bayan ƙarni biyu rikicin ya sake fage: ya tashi daga layukan taswira ya koma kan kalmomin da ake bugawa a takardar ƙuri'a.

Dalilin sauyin a fili yake. Duk shekara goma, bayan ƙidaya, ake sake shata mazaɓu, kuma a yawancin jihohi 'yan majalisa ne ke yin aikin. Da jama'a suka gaji da bai wa kura ajiyar nama, sai wasu jihohi suka koma ga ƙuri'ar raba-gardama don karɓe alƙalamin daga hannunsu. Sai dai mai zaɓe ba ya karanta dogon gyaran tsarin mulki a rumfar zaɓe; taƙaitaccen bayanin da ke gabansa yake dubawa. Saboda haka wanda ya rubuta bayanin ya riƙe rabin amsar.

Jihar Mizuri ta nuna haka. A 2018 kusan kashi 62 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a danƙa zanen mazaɓun majalisar jihar ga ƙwararren masanin ƙidaya wanda ba na kowace jam'iyya ba. A 2020 majalisar, wadda 'yan Rifablikan ke da rinjaye a cikinta, ta kawo gyaran da zai soke wannan muƙami, kuma ita ce ta rubuta bayaninsa. A lokacin dokar jihar ta ƙayyade irin wannan bayani ga kalmomi 50, ta kuma hana shi karkata. Majalisar ta fara da alkawarin hana 'yan majalisa karɓar kyauta daga masu kamun ƙafa, alhali tuni an taƙaita kyautar ga dala 5, ba ta kuma ambaci soke muƙamin ba. A watan Agusta mai shari'a Patricia Joyce ta yanke cewa bayanin na ɓatar da mutane, ta sake rubuta shi, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta yi masa nata gyaran. Duk da haka gyaran ya tsallake da kusan kashi 51.

A jihar Yuta labarin ya ƙare daban. Masu zaɓe sun kafa hukumar shata mazaɓu mai zaman kanta a 2018. A 2024 majalisa ta nemi ikon sauya ko soke duk dokar da jama'a suka kafa da ƙuri'arsu, amma bayanin da shugabanninta suka rubuta ya gabatar da gyaran a matsayin ƙarfafa wa jama'a hannu. A watan Satumba kotun ƙolin jihar ta tabbatar da rushe shi, ba a ƙirga ƙuri'unsa ba.

A wannan shekarar dai, a jihar Ohayo, aka gabatar da shawarar kafa hukumar talakawa 15 da za ta shata mazaɓu ba tare da 'yan siyasa ba, da goyon bayan tsohuwar babbar mai shari'a Maureen O'Connor. Kwamitin tsara takardar ƙuri'a, ƙarƙashin sakataren jihar Frank LaRose, ya amince da ƙuri'a 3 da 2 da bayanin da ke cewa za a tilasta wa hukumar yin jerimanda, abin da shawarar ta zo hanawa. Hujjar masu rinjaye ita ce, tunda dole taswira ta bi rabon ƙuri'un jam'iyyu, wannan ma karkatarwa ce. Kotun ƙolin jihar, da alƙalai 4 da 3, ta bar yawancin bayanin yadda yake, shawarar kuma ta faɗi a Nuwamba.

'Yan majalisa na da abin cewa: su aka zaɓa, kuma alƙalin da ke sake rubuta kalmominsu shi ma ɗan Adam ne mai ra'ayi. Gaskiya ne babu kalmar da ba ta da nauyi. Amma akwai ma'aunin da waɗannan shari'o'i uku suka bar mana: shin bayanin ya faɗi abin da za a soke da abin da zai maye gurbinsa? Mai kujerar da taswira ke karewa shi ne ya fi kowa dalilin ɓoye wannan. Gerry ya murɗe iyaka a bainar jama'a, har jarida ta iya zana ta. Murɗaɗɗiyar jimla ta fi wuyar ganewa, domin mai zaɓe da hannunsa yake dangwala mata yatsa, yana zaton abin da yake so ya zaɓa.