Ungozoma da Daren Naƙuda a Ƙasar Dandume

Wanda ya san Dandume da kasuwar hatsi kawai, da manyan motocin da ke lodin masara su nufi kudu, ba lallai ya lura ba cewa wannan yanki na kewayen Funtua da Malumfashi na cikin wuraren da aka fi rubuta tarihin haihuwa da jego a duk ƙasar Hausa. Abin da rubuce-rubucen suka nuna ya saɓa da yadda ake yawan kallon ungozoma a yau, wato tsohuwar da ke karɓar haihuwa don babu likita a kusa. A asali ba aikinta ke nan ba. Al'adar yankin ta tanadar wa mai ciki hidima mai yawa kafin haihuwa, ta tanadar mata wadda ta fi ta bayan haihuwa, sannan ta bar ta kusan ita kaɗai a awannin naƙuda. Wannan giɓi na tsakiya ne ya ci rayukan mata, kuma shi ne manufofin lafiya suka daɗe suna kewayewa.

A shekarun 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna a Giwa, a kan hanyar Zariya zuwa Funtua, tana rubuta labarin rayuwar Baba ta Karo, littafin da ya fito a 1954. Daga baya Murray Last da Lewis Wall sun zauna a ƙauyukan ƙasar Malumfashi suna nazarin magani da jinya. Tsarin da suka tarar bai bambanta da wanda tsofaffin Dandume da Sabuwa suka sani ba. Mai cikin fari, idan watanninta suka ja, sai a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, a ɗauke mata daka da ɗebo ruwa, a yi ta ba ta maganin zaƙi da rubutu. Miji kuma yana can yana tara itacen wanka, don ana auna mutuncinsa da tulin itacen da ya jibge. Da jariri ya faɗo sai a aika a kira ungozoma. Ita za ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jinjiri, ta gyara ɗaki, ta riƙa gasa cibiya har ta faɗi. Ita ko wata dattijuwar gida ke yi wa maijego wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen runhu ko na tsamiya ko darbejiya, a dama mata kunun kanwa, a ba ta nama da yaji, a hana ta duk wani aiki mai nauyi har a yi arba'in. Ladan ungozoma hatsi ne da sabulu da kasonta na naman suna. A cikin wannan jerin ayyuka babu duba kwanciyar ɗa, babu lura da tsawon naƙuda. Aikin kula ne da rarrashi da tsaron jikin da ake ganin ɗanye ne, wanda sanyi zai iya shiga ya lalata.

Abin da ya hana ta shiga da wuri shi ne kunya. Yarinya ba ta faɗin tana da ciki, balle ta ce ciwo ya taso, kuma wadda ta yi raki a durƙushe za a daɗe ana yi mata gori. Macen da ta haihu shiru a ɗakinta, aka ji kukan jariri kawai, ita ce jaruma. Wannan bai tsaya a zamanin Baba ba. Wani nazari da Bolaji Fapohunda da Nosakhare Orobaton suka wallafa a 2013, bisa ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2008, ya nuna cewa kusan haihuwa ɗaya cikin biyar a Najeriya ana yin ta ne babu kowa a wurin, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan haihuwa a Arewa suke. Da yawa cikin waɗannan mata suna zaune a gidajen da ke cike da kishiyoyi da surukai da faccaloli, don haka ba rashin mutane ne ya jawo ba.

A nan ne labarin ƙasashen waje yake da amfani. A Amurka, inda haihuwa ta koma asibiti kusan gaba ɗaya kuma dangi suka warwatse, an ƙirƙiro sana'ar mace mai rakiyar mai ciki, wadda suke kira dula, aka kafa mata ƙungiya a 1992. Ba ta ba da magani, ba ta karɓar haihuwa. Tana zaune ne kusa da mai naƙuda tana shafa mata baya, tana ba ta ruwa, tana yi mata bayani, tana kiran ma'aikata idan ta ga abin da bai kwanta mata ba. Tushen abin wani ɗan gwaji ne da likitocin yara Marshall Klaus da John Kennell da abokan aikinsu suka yi a Gwatamala, suka buga a 1980, inda naƙudar matan da aka zauna da su ta fi ta waɗanda aka bari su kaɗai gajarta sosai. A 2017 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 26 da suka shafi mata sama da 15,000, sakamakon ya ƙara tabbata: naƙuda ta fi gajarta, tiyata ta ragu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta haihu da mai rakiyar da ta zaɓa. Wasu na cewa mu ai muna da dula tun kaka da kakanni. A ganina rabin maganar ce gaskiya. Hidimar arba'in ɗinmu ta fi tasu nesa ba kusa ba, amma abin da waɗancan gwaje-gwaje suka auna shi ne zaman lokacin naƙuda, daidai wurin da al'adarmu ta ja da baya.

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan duk wanda zai kare ungozoma, kuma hujjarsa daga wannan yanki ta fito. A 1974 Davidson da Trevitt da Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun bi asalin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka tarar cutar ta fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, inda ake tsananta wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da shan kanwa mai yawa. Tunaninsu shi ne gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. A 1983 kuma Tahzib ya duba masu yoyon fitsari 1,443 a Zariya, ya ga kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu, kuma sau da yawa ungozoma ko wanzami ke riƙe da askar. Ba a goge waɗannan alkaluma da son al'ada. Sai dai a karanta su har ƙarshe. A binciken Tahzib fiye da kashi 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta lalata su, wato kwana da kwanaki ɗa ya tokare babu wanda ya ce a tashi a tafi asibiti. Yankan gishirin ma sau da yawa a ƙarshen irin wannan wahala ake yin sa, lokacin da aka kira tsohuwa bayan abu ya riga ya ɓaci, ita kuma ba ta da komai a hannu sai aska. Game da zuciya kuwa, binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan a shekarun baya-bayan nan bai sami wankan jego da kunun kanwa a matsayin manyan musabbabai ba. Ya fi nuna rama da talauci da rashin ilimi da hawan jinin ciki. Hakan bai wanke zubin kanwa barkatai ba, musamman ga mai hawan jini, kuma ƙunar ruwan zafi ba ta buƙatar bincike kafin a yarda da ita. Rage kanwa da sassauta zafin ruwa gyara ne da ake iya yi ba tare da an kori mai wankan ba.

Hukumomi sun yi wa ungozoma fassara biyu, duka a karkace. Bayan taron Alma-Ata na 1978 da na Nairobi na 1987 an ɗauke ta a matsayin ƙaramar ma'aikaciyar asibiti, aka ba ta horo na 'yan kwanaki da akwatin reza da sabulu da zare. Da aka ga mace-macen mata bai ragu ba, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka juya mata baya, aka ce sai ƙwararriyar ma'aikaciya kawai, Najeriya ta kafa shirin tura ungozomomin zamani karkara a 2009. An ɗora mata aikin da ba nata ba, sannan aka kama ta da laifin kasa shi. Reza mai tsabta tana hana ciwon sarƙe haƙora na jarirai da ake ɗauka ta cibiya, amma ba ta tsai da zubar jini, ba ta maganin jijjiga.

Mai ƙorafi na biyu zai ce to ai magana ta ƙare, a gina asibiti a bar zancen rakiya ga masu hali. Yana da hujja: binciken Kelsey Harrison na haihuwa 22,774 a Zariya, wanda aka buga a 1985, ya nuna mutuwa ta fi kama matan da ba su je awo ba, aka kawo su a makare. Amma makarar daga ɗaki take farawa. Ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna cewa a Arewa maso Yamma ko mace ɗaya cikin biyar ba ta haihuwa a asibiti. Kafin yarinya 'yar shekara sha shida ta isa babban asibitin Funtua, sai wani ya san tana naƙuda, ya gane ta yi tsawo, ya kuma kasance mai bakin da zai iya gaya wa maigida ko suruka a nemo mota yanzu. A gidan Bahaushe mutum kaɗan ne ke da wannan izini, kuma dattijuwar da ta yanke cibiyar maigidan kansa tana cikinsu. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Dandume da Sabuwa da Faskari da Funtua da Malumfashi da wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga, tafiyar dare ta zama kasada, kiran taimako ya gagara. A irin wannan hali wadda ta gane alamar haɗari tun da sauran rana ita ce ke sa a kama hanya kafin magariba.

Asibitin ma yana da nasa kaɗaicin. Ɗakin haihuwa na gwamnati yakan tara mata da yawa ga ma'aikaciya ɗaya ko biyu, dangi a tsaya a waje, kuma tsoron tsawa da tsiraici a gaban baƙi na cikin abin da ke sa matan karkara su gwammace ɗakinsu. Labule tsakanin gadaje da kujera ɗaya ga uwa ko gwaggo ko ungozoma ba su kai kuɗin motar ɗaukar marasa lafiya ba. A ɗaya gefen kuma arba'in ɗin na ƙara tsukewa: itace ya yi tsada, dajin da ake sarowa ya zama wurin tsoro, ma'aurata a Funtua suna zaune a gidan haya nesa da dangi, wasu matan na komawa sana'a kafin cibiya ta warke. A makonnin nan ne kumburin ƙafa da haki da zazzaɓin jego da ciwon kai mai tsanani suke bayyana, kuma asibitin da ya sallami mace awanni kaɗan bayan haihuwa ba ya ganin su. Mai zuwa wanka safe da yamma tana ganin su, in an koya mata abin da suke nufi, an kuma ba ta lambar wanda za ta kira.